Matar da ke Cikin Katin Shayi

Jikokina mata da ƙawayensu da suke cika mini tsakar gida sun ɗauka tsayawa gaban hoto wasa ne. Yarinya za ta ɗaga waya sama, ta murguɗa baki kamar ta tauna tsamiya, ta danna sau talatin, ta zaɓi ɗaya ta goge sauran. In na ce musu da wannan sana'a na ci abinci shekara huɗu, har hukuma ta neme ni a kanta, sai su kwashe da dariya su ce tsohuwa ta fara. To ku zauna ku ji, tunda bakina bai mutu ba tukuna.

Sunana Habsu, 'yar Falanko ce. Aurena na fari ya mutu ba faɗa ba zagi, shi ya gaji ni ma na gaji, sai na taho Tanut wajen wata ƙawar mahaifiyata da ake kira Iya Fanna, 'yan shekaru kaɗan bayan Nasara ya sauka daga mulki. Iya Babarbariya ce, doguwa, mai faɗa, sana'arta kuma sa kaya. Yanzu ba wanda ya san wannan sana'a. Idan fatake suka kawo sabuwar atamfa daga Damagaram ta ƙi tafiya, sai su yanka wa Iya falle uku, ta ɗaura ta shiga kasuwa. Ba ta talla, ba ta cewa uffan a kan zanen. Za ta je inda mata suka fi taruwa, wajen masu kuka da daddawa, ta tsaya cinikin albasa kamar za ta sayi raƙumi, ta juya nan ta juya can, har wata ta kasa haƙuri ta tambaye ta. Ta farko ba a ba ta amsa. Ta biyu a ce mata an manta. Sai ta uku ake nuna wa rumfar da leɓe. Kafin la'asar atamfar ta ƙare, zanen kuma ya zama na Iya.

Da gwiwoyinta suka fara ciwo sai ta ce ni zan gaje ta. Wata uku ban taka kasuwa ba. Kullum da hantsi za ta jingina ni da bango, ta ɗora mini ƙwarya cike da ruwa a ka, ta shafa mini jiƙaƙƙen dabino a gefen baki don ƙudaje su zo, ta zauna tana ƙirga ɗari a hankali da harshensu. In ruwa ya zuba a sake. In na ɗaga hannu na kori ƙuda a sake. Cewa take macen da ke korar ƙuda hannunta ake kallo, ba zanenta ba. Ita ta koya mini cewa wuya shi ne rabin kyau, kuma murmushi daga ido yake farawa, baki biyo baya yake yi. Kayan aikina duka cikin wani ɗan adudu suke: tandun kwalli, gutsuren madubi, matsefi, kallabi uku, da ƙullin farar ƙasa da Iya ta daka ta tankaɗe sau uku, don hodar kanti tsada gare ta kuma gumi na wanke ta.

Aikina na farko ni kaɗai a kasuwar Gangara na yi shi. Wani zane ne ruwan ƙasa mai zanen ƙafar kaza, muni kamar me, ya shekara a rumfa har ɓera ya fara ɗanɗana shi. Na ɗaura shi, na kafa kallabi ya karkace gefen hagu, na je na tsaya wajen masu nono. Mata suka yi ta hararata, wata har ta ce a kunnena ita ko kyauta ba ta so. Ita ta fara saya. Ku riƙe wannan game da masu saye: mace ba ta sayen zanen da ƙawarta ta sa, na wadda ta ba ta haushi take saya. Maza kuwa ko za a yanka su ba su san kalar zanen ba, amma su ke biya.

Hoto ya shigo ne ta hannun Alhaji Mamman mai shayi. Yana sayo ganyen shayi buhu-buhu a Damagaram, ya ƙulla shi cikin ƙananan takardu ya sayar wa Buzaye da Fulani, kuma masu yin haka sun yi yawa. Sai ya yi dabarar sa kati mai hoton mace cikin kowane ƙulli. Ya taho da wani Bayarabe mai hoto, Baba Lasisi, da akwatinsa mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle. Baba ya ce in buɗe baki, na buɗe, ya dafe kai. A lokacin duk macen da ta isa haƙoranta jajaye ne da goro da fure, nawa kuwa har yaba su ake yi. Ya ce ja a cikin akwatinsa baƙi yake fitowa, zan fito kamar mai giɓi. Wata guda ina dirzar haƙora da asuwaki da gawayi, ƙawayena suna mini ba'a wai bakina ya koma na ɗan maraƙi.

Ranar ɗaukar, bayan rumfar Alhaji aka rataye bargo aka tsayar da ni. Ɗaurin ƙirji na yi, kafaɗuna a waje, na riƙe ɗan kofin shayi kusa da kumatu. Akwatin ba danna shi ake yi ba. Baba zai cire murfi ya yi ta ƙirga, in ka motsa ko gashin ido ne aiki ya ɓaci, gilashin da ake ɗauka a kai kuma guda shida kaɗai ya zo da su. Nan azabar Iya ta yi rana, don wani ƙuda ya yi yawo a leɓena tun daga farkon ƙirga har ƙarshe ban san yana yi ba. Abin da ya ba mu wuya kumfar shayi ce, kafin Baba ya gama shiri ta kwanta. A ƙarshe sabulu aka kaɗa aka zuba a kai. Duk mutanen ƙasarmu ta Damargu sun shekara biyu suna haɗiyar yawu a kan kofin ruwan sabulu.

Da katin ya fito sai da na zauna. Baba yana da wani fensir mai tsini da yake gyara hoto da shi. Ya goge bille uku da ke kumatuna na hagu, ya rage mini hanci, ya ƙara mini wuya, ya share ƙudan. Na ce masa wannan ai ta fi ni. Ya ce shi ya sa ake biyansa.

Shayin Alhaji ya tafi kamar wutar daji. Katin bai wuce tafin hannu ba, makiyaya suna sa shi cikin alabe, 'yar jakarsu ta fata, tare da laya. Masu kanti suna liƙa shi jikin ƙyaure. Aka sa mini suna 'Yar Shayi, wata mata a Belbeji ta biyo ni da muciya, wani malami ya yi wa'azi a kan kafaɗata har Juma'a biyu, wanda ya sa waɗanda ba su gani ba ma suka je suka sayi shayi. Fatake suna layi a ƙofar Iya da atamfa. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin wannan zamani, har kaina ya ɗan kumbura.

Sai shekarar zaɓe ta zo. Ku ba ku san irin zaɓen lokacin ba. Jam'iyya ɗaya ce, takarda iri ɗaya ce, za a ba ka ita ka sa cikin ambulan ka jefa a akwati, shi ke nan ka zaɓa. Kuma shekaru ne na tsoro. Akwai wata jam'iyya da aka haramta, duk wanda aka ce ya gaisa da ɗanta sai mota mai tanti ta tsaya a ƙofarsa. Wanda ya shiga motar nan, in ya yi sa'a ya dawo bayan shekaru ba haƙora. Ni kam ban san komai ba a siyasa, ranar zaɓen ma kitso aka yi mini.

Abin da ya faru a Tenhiya, wani garin makiyaya, daga baya na ji shi a bakin matar dogarin da aka aika can. An ba shi akwatin zaɓe, da ambulan a kulle a ciki, da ɗaurin takardun ƙuri'a, ya hau raƙumi. Don kada takardun su watse sai ya cusa su cikin buhun da yake ɗauko wa surukinsa gishirin dabbobi. Ya sauka bakin rijiya ya yi sallah ya ɗan kishingiɗa. Da ya farka awakin wajen sun gama zaɓe, ko gutsure ba su bari ba. Mai garin ya ga dai ba zai yiwu a mai da akwati wayam ba, za a ce mutanensa sun ƙi gwamnati. Ya yi tunani ya ce ai shi tunda yake bai taɓa ganin an buɗe ambulan ba, ƙirga su kawai ake yi, abin da ake so dai a ji takarda a ciki. A duk rugagen nan kuwa takarda ɗaya ce kowa yake da ita. Aka bi tanti-tanti aka tattaro ni.

Da a shekarun baya ne da mai garin ya sha. Amma a shekarar an kawo wani sabon akawu biron Tanut, wato ofishin hukuma, fitowarsa ke nan daga lakwal, makarantar boko, kowa Mushe yake ce masa, shi kuma ya karanta cewa ana buɗe ambulan. Ya buɗe na farko a gaban jama'a, sai ga ni da kafaɗa a waje. Ya buɗe na biyu, ni ce. Har ƙasan akwatin ni ce.

Ni ban sani ba sai da na ga mutane a ƙofa. Wani tsoho ya zo da rago wai barka da nasara, kuma rijiyarsu ta rufta, ko zan sa baki. Wata ta ce a rage wa mijinta haraji. Masu shayi a bakin tasha in na wuce sai su miƙe su sara mini. Da fari dariya na yi ta yi har da riƙe ciki. Iya Fanna ce ta fizge ni cikin ɗaki ta ce, "Ke dariya kike, 'yar nan? Wanda ya yi rabin wannan ma an tahi da shi." Washegari jandarma ya kawo takarda, ana nemana a biro ran Alhamis, saura kwana huɗu. Motar nan mai tanti kuwa tana fake a gindin bishiyar bedi gaban biron, kowa na ganinta.

Za ku ce me ya sa ban faɗi gaskiya ba. Gaskiya ai an riga an faɗe ta. Mai garin Tenhiya ya zo da kansa ya yi bayanin awaki, kumandan, shugaban biron, ya ce masa shi ba zai rubuta wa na sama cewa awaki sun cinye zaɓe ba, ballantana dogarinsa ne ya ba su. Takardar da za ta tafi sama dole a sa sunan mutum a ciki. Baba Lasisi da jin labari ya tuna uwarsa ba ta da lafiya a garinsu, ya bar ƙafa ɗaya ta akwatinsa don sauri. Alhaji Mamman ya kwanta zazzaɓi. Saura ni.

Iya ta daɗe tana kallon katin, tana kallona. Can ta ce ai takardar jandarma ba ta ce Habsu ba, cewa ta yi matar da ke cikin hoto. To sai mu ga ko za su same ta.

Wannan shi ne aiki mafi wuya da na taɓa yi, kuma shi nake so ku ji da kyau, ku masu cewa kwalliya sauƙi gare ta. Yin kyau kowa ma ya iya. Cire shi a jikin wadda ta saba, shi ne sai gwani. Kwana uku ina tauna goro da fure har haƙorana suka koma kamar bawon ɗorawa. Iya ta tsefe mini kai ta bar shi haka, ta wanke mini ido da ruwan ɗumi har kwallin shekara huɗu ya fita, ta bi billena da baƙin tukunya suka fito raɗau. Ta aro mini zanen wata mai dakau. Duk wannan mai sauƙi ne. Wuyan ne ya ƙi. Da zarar na miƙe sai ya tsaya da kansa, sai Iya ta kai mini duka a ƙeya ta ce in sunkuya, ita da ta yi wata uku tana dukana don in miƙe. Ta sake jingina ni da bango, ta shafa mini dabino, wannan karon in ƙuda ya sauka ban kore shi ba a sake. Ta koya mini tsayuwa da ƙafa a buɗe, da yin murmushi da baki kaɗai. Ran Laraba na je ɗiban ruwa don gwaji, maƙwabciyarmu ta tambaye ni ko ni sabuwar 'yar aikin Iya ce.

Ran Alhamis biro ya cika har taga. Kumandan ɗan ƙasa ne, Hausa yake ji kamar ni, amma a biro sai ya yi Faransanci tafinta ya juya. Ya ajiye katin a kan tebur, ya dube shi, ya dube ni. Tafinta ya ce ana tambayata ko ni ce wannan.

Na sosa ƙugu na ce, "Ran kumandan ya daɗe, ina ma ni ce."

Mushe ya miƙe ya ce kowa a garin nan ya san ni ce. Kumandan ya ce hukuma ba ta aiki da kowa ya sani, a auna. Mushe ya ɗauko rula ya auna wuyan hoton, ya zo ya auna nawa, ya yi lissafi a takarda, bai fito ba. Aka ƙirga bille, ni uku, ita babu. Aka ce in buɗe baki, na buɗe, na kusa da ni suka ja da baya. Ni kuwa ina hango motar ta taga, direban na goge gilashi.

Aka kira shaidu. An ɗauko Alhaji Mamman a lulluɓe, ya ce shi shayi yake sayarwa, ba ya kallon matan mutane. Mai garin Tenhiya ya zagaya ni sau biyu kamar zai sayi saniya, sannan ya ce, "Ran kumandan ya daɗe, mu makiyaya ne amma ba makafi ba ne. Wannan wa zai zuba ta cikin akwati?" Aka yi dariya, ni ma na yi da baki kaɗai. Iya Fanna ce ta ƙarshe. Ta ce shekara huɗu ina cin tuwonta, da ina da wannan fuska da tuni ta aurar da ni ta huta.

Kumandan ya sa Mushe ya rubuta cewa matar baƙuwa ce, ba a san ta ba, ga alama daga ƙetaren iyaka aka shigo da ita ta hanyar shayi don ta rikita jama'a, kuma ana nemanta. Mushe ya rubuta yana cika yana batsewa. Aka ba da umarni a tattara katin duk inda yake. Aka sallami kowa, sai ni aka ce in tsaya. Da ɗakin ya zama ba kowa, har tafinta ya fita, sai kumandan ya yi magana da Hausa, a hankali, idonsa a kan takarda.

"Habsu, waccan matar in ta sake taka ƙasata, ko kallabi ne ta karkata irin nata, dole in kama ta. Kin ji?"

Na ce na ji.

A nan sana'ata ta ƙare, ban kai shekara ashirin da biyar ba. Na yi murna da tsira, na yi sadaka da ragon tsohon nan. Amma adudun sai Iya ta tura shi ƙarƙashin gado, fatake suka daina zuwa, in mun haɗu a hanya ma sai su dubi ƙasa. Na ci gaba da cin goro dole, don kada haƙoran su tona ni. Na sayi tanda na fara tuyar waina.

Kati ɗaya aka bari. An buga shi da ƙusa a jikin ƙyauren biro, da rubutu a ƙarƙashi wai duk wanda ya gan ta ya sanar. Tunda aka gina biron nan bai taɓa samun baƙi irin na lokacin ba. Ranar kasuwa mutane daga ƙauyuka sai sun biya sun taya hukuma nema, su tsaya su daɗe suna kallo don kada su manta kamanninta. Ganin taron ya sa na kai tiren waina wajen, ciniki kuwa ya yi kyau.

Wata ranar kasuwa da na sayar da rabi sai na matsa kusa da ƙyauren, don ban sake ganinta ba tun ranar biro. Rana ta fara cinye ta, amma wuyan na nan, kumfar sabulun na nan. Ban san na daɗe a tsaye ba sai da na ji an taɓa mini tire. Wani mai sayar da igiya ne ɗan Belbeji, wanda ya shekara biyu yana aiko mini da turare yana cewa in ban aure shi ba zai bar ƙasar. Na duba idonsa ko wasa yake, ko yana rufa mini asiri ne kamar sauran. Babu ko ɗaya, bai gane ni ba ne kawai.

Ya ce, "Baiwar Allah, ɗan gusa mana, kin tare ta."

Na gusa.